Kiwon Doki Sana'a Ce

Iyaye na Lambara da kewaye, kada ku rena yaron da ke son zaman barga. Kiwon doki sai an koya. Dole ya san awon gero da dusa da kanwa, gama hatsi mai yawa farat ɗaya yakan jawo ciwon ciki, har doki ya mutu. Ya iya gyaran kofato da kilisa, ya san goɗiya takan yi wata 11 kafin ta haihu.

Masu hawan salla a Sakkwato da 'yan ƙwallon doki na Katsina suna neman irinsa. In ya gama sakandare, akwai makarantar lafiyar dabbobi a Vom, kusa da Jos. Amma ku fara kai shi wurin gwani tun yana ƙarami.