Tsakanin Fadar Kajuru da Hasumiyar Gobarau, Wanne Za Mu Bari a Abbare?



A Kajuru ta jihar Kaduna akwai wani gini a kan dutse mai kama da fadar sarakunan Turai na da. Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina shi a shekarun 1980 da zallan dutse, ya yi masa hasumiyoyi da ɗakin makamai, har da kurkuku. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma yaƙi yake jira ba. Sha'awa ce kawai, ga kuma kuɗi.

Ba mu raina aikinsa ba, domin ginin ya sa sunan Kajuru ya yi nisa, baƙi suna zuwa yawon buɗe ido. Amma a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin, suka kashe mutum biyu, ciki har da wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji. Kaurin bango bai hana ba, tunda yankin ne gaba ɗaya ba shi da tsaro.

Yanzu mu dubi Gobarau ta Katsina. Hasumiya ce ta ƙasa, tsayinta kusan mita 15, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. An yi kiran salla a kanta, an hangi mahara daga samanta. Laka ba ta kai dutse ƙarfi ba, amma ga ta tsaye bayan ɗaruruwan shekaru, saboda Katsinawa sun ɗauke ta tasu, in ta tsage su gyara.

Abin da ya sa muka kawo zancen shi ne, idan Allah ya buɗa wa ɗan garinmu, abin da yake fara yi shi ne katon gida a Jalingo, da doguwar katanga da ƙofa a rufe. Dukiyarsa ce, ba mu hana ba. Roƙonmu dai ya ware wani abu don abin da jama'a za su mora: aji ɗaya a firamare, rijiyar burtsatse, ko ɗakin haihuwa. Mu kuma a ƙungiyance mu ɗauki nauyin gyara, kada a miƙa mana mu bari ya lalace.

Ginin da mutane ke sha ko karatu a cikinsa ba ya rasa mai yaɓe, mai shi kuma ba ya rasa addu'a.

Allah ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya