Kuɗin Zare da Kuɗin Hannu

A taron reshe na watan jiya, ana tsakiyar muhawara a kan bashin kuɗin hutu, sai wani dattijon malami ya ɗaga hannu ya ce yana da ƙorafi, amma ba da gwamnati yake ba. Da mu uku yake, da muke zaune a bencin baya, kowacce da dunƙulen zare a cinya. Ya ce bai kamata ana maganar haƙƙin malamai wasu suna saƙa ba. Aka kwashe da dariya, Shugaba ya buga tebur, aka wuce. Ni dai ban ce uffan ba, domin a daidai wannan lokaci ina kan ido na 63, kuma duk wadda ta san saƙa ta san ko gobara aka yi shela sai an kai ƙarshen layi. To, Malam, yanzu na kai ƙarshen layi, ga amsata.

Bari in fara da amsa laifina, tunda an ce laifi tudu ne. Abin nan ya wuce sha'awa, ya zama jaraba. Ranar da albashi ya shigo, kafin in je wurin mai shinkafa ƙafata ta riga ta kai ni rumfar mai zare, alhali a gida akwai jaka uku cike, ɗaya a kan durowa, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya kuma a wurin da maigida bai sani ba (idan yana karanta wannan, jaka biyu ce). Na taɓa zama a bayan wata baiwar Allah a mota ina ƙura wa suwaitarta ido, ina warware zanen a zuciyata, har aka wuce da ni inda zan sauka. A watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa yana fifita, ni ina zaune da rabin bargon ulu a cinya gumi na zuba, wai ina yi wa hunturu tanadi. Idan aka ce mini wance tana da juna biyu, bakina yana cewa Allah ya raba lafiya, zuciyata tana zaɓen launi. Yarana sun daɗe da gane cewa “bari in ƙarasa layin nan” ba shi da wa'adi. Ƙaramarsu takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Umma, miyar ma ta ƙarasa nata layin,” wato ta kama.

Duk wannan na amsa. Abin da ban amsa ba shi ne cewa mai saƙa ba ta sauraro. Hannu ne ke aikin, kunne yana nan a buɗe, kuma in ana so a gwada, a tambaye ni abin da Ma'aji ya karanto a taron nan, sannan a tambayi waɗanda suka yi zaman kansu a sunkuye suna latsa waya. Tarihi ma yana bayanmu. A zamanin juyin juya halin Faransa, wajen 1793, an san matan birnin Faris da zuwa da saƙarsu zauren majalisa, har da dandalin da ake fille kawunan manya, suna saƙa suna tsoma baki a siyasa. Shugaba ya kwantar da hankalinsa, mu ba mu kai nan ba. A Ingila kuwa, masu saƙar safa na yankin Notingam ne suka tayar da ƙayar baya a 1811, suka riƙa farfasa injinan iyayen gidansu. Sau da yawa akan ba da labarin kamar tsoron na'ura ne ya sa su, alhali injin saƙar safa yana nan tun 1589, kakanninsu ma da shi suka ci abinci. Abin da ya fusata su rage musu kuɗin aiki ne da cika kasuwa da kaya marasa ƙwari. A 1812 majalisar ƙasar ta yanke hukuncin kisa a kan fasa injin. Ashe ke nan masu saƙa sun daɗe a fagen neman haƙƙin ma'aikaci, tun ba a haifi kakan mai ƙorafi ba.

Wannan ne ya kawo ni ga maganar da ta fi damuna, wadda ba ta dariya ba ce, ko da yake da dariya ake faɗa mini ita. Babu makon da zai wuce a ofishin malamai ba a ce mini, “Malama, a saƙa wa jikana suwaita mana, ni zan sayi zaren.” Mai maganar yana ganin ya yi adalci, har da karamci. A lissafinsa suwaita zare ce, zare kuma kuɗi ne, ya biya, magana ta ƙare. Hannun da zai mayar da zaren riga ba ya cikin lissafin, domin ai “tana jin daɗin yi”.

Mu yi lissafin tare, tunda malaman lissafi suna cikinmu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne a wata. In aka ɗauki kwana 22 na aiki, kowace rana awa 8, an sami awa 176, wato awa ɗaya ta tashi kusan Naira 400. Suwaitar babba, da hannuna da kibiya biyu, takan ci mini awa 40 idan ban yi kuskuren da zai sa in warware ba. Kuɗin hannu kawai ya kama Naira 16,000, a farashin ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi a ƙasar nan, ba a sa zare ba. Ranar da na faɗa wa wani abokin aiki haka, sai ya riƙe baki ya ce, “Haba Malama, ai a gwanjo zan sami uku da canji.” Gaskiyarsa. Na ce masa Allah ya sa ya dace da mai kyau.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar masu saƙa, har wani dare da na ajiye kibiya na jawo takardun jarrabawar aji uku zan duba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ga fitila mai caji tana lumshewa. Sai na ga ashe duk abu ɗaya ne. Shirin darasi da muke rubutawa ranar Lahadi, da makin da muke yi bayan yara sun yi barci, da cike katin sakamako, da zuwa gidan iyayen yarinyar da ta daina zuwa makaranta, wane ne ya taɓa ƙirga waɗannan awoyi? Ana biyan mu kuɗin tsayuwa a gaban allo, idan an biya, saura kuwa an ce ladan malami yana lahira. Muna fatan ladan, Allah ya ba mu, sai dai mai gidan haya bai yarda a tura masa kuɗinsa can ba. Dabarar iri ɗaya ce: a yaba wa mutum da son aikinsa, sannan a mayar da son nan ya zama hujjar hana shi haƙƙinsa. Abin takaicin shi ne, mu da aka fi yi wa wannan, mu ne kuma muke yi wa mai saƙa, da mai kitso, da tsohon da ya yi mako biyu yana ɗinkin hula ɗaya muka taya shi kamar muna sayen albasa.

Daga ina jama'a suka koyi raina aikin hannu haka? Ina jin kunyar faɗa, amma wani ɓangare a ajinmu suka koya. Waɗanda suka yi firamare a da sun san darasin aikin hannu: yaro ya saƙa faifai ko mafici, ya tufka igiya, ya gina tukunyar yumɓu ko da karkatacciya ce, a ba shi maki gwargwadon abin da hannunsa ya yi. Yau a makarantu da yawa, idan ƙarshen zango ya zo, sai a ce kowa ya kawo “aikin hannu”, yaro ya karɓi kuɗi wurin uwarsa ya sayo tsintsiya a kasuwa, ko sabulu, wani wurin ma kuɗin ake karɓa kai tsaye don a huta. Malami ya rubuta masa 80 bisa 100. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Darasin da yaron ya tafi da shi gida shi ne, abin da wani ya ɓata yini yana yi ana mallakarsa da 'yan canji, har a sami yabo a kai. Idan ya girma ya zama kansila ko kwamishina, da wane ido zai dubi awoyin da malami ya ɓata a kan takardu?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta rasa gaskiya. Aji ɗaya yara sun haura tamanin, babu kayan aiki, manhaja ta cika ta batse. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da alƙawarin cewa yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, kuma tsofaffinmu sun ga akwatunan injina da suka tsufa a sito ba a buɗe su ba, saboda babu wuta, babu ɗakin da za a girka su. Wannan laifin hukuma ne, mu ci gaba da faɗa mata. Amma kwarashi ba ya neman lantarki. Da ƙugiya ɗaya da ragowar zare yara goma za su koya bi da bi, kuma lissafi yana ciki ba tare da sun ankara ba. Idan ido 20 ya ba da santimita 10, kan jariri kuma santimita 35 ne, ido nawa za a ɗora? Yarinyar da ta kasa wannan a kan allo na ga ta ce 70 nan take, saboda hular ƙaninta ce. Yaran maza da suka ce saƙa aikin mata ne, sai na tambaye su wane ne ya ɗinka hular da ke kan babansu, kuma su waye masaƙan da suka yi saƙi da gwado a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Aka yi shiru, ɗaya ya miƙo hannu. Ba lallai sai saƙa ba ma; inda kaba ta fi zare araha a yi kaba. Abin da ake so yaro ya ɗanɗana shi ne yadda awa uku take narkewa a cikin abu ɗan mitsitsi, ya yi kuskure a layi na biyar, ya gano a na ashirin, ya warware yana ƙunƙuni ya sake.

Saboda haka ina roƙon reshe ya sa maganar nan a ajandar taro mai zuwa, mu yi wa kanmu alƙawari cewa babu ɗan ƙungiyar da zai ƙara ba da maki a kan tsintsiyar kasuwa ko kuɗi. Ina kuma ba da shawarar kowannenmu ya sami ɗan littafi, zango ɗaya tak, ya riƙa rubuta awoyin da ya yi wa makaranta aiki bayan an tashi. Wakilanmu sun sha shiga zaman sulhu da “malamai suna shan wahala” a bakinsu, a amsa musu da “Allah ya saka da alheri”. Ina so wata rana su shiga da adadi a rubuce, a ga ko shi ma za a amsa shi da addu'a.

Shi kuwa Malam mai ƙorafi, bayan an shafa fatiha ya same ni a bakin ƙofa, ya sassauta murya ya ce an yi masa jika, ko zan taimaka da 'yar hula da safa kafin sanyi ya shigo, shi zai sayi zaren. Na yi masa barka, na ce, “Malam, awa tara ce, ka san farashin awa.” Ya ce zai yi shawara da gida. Na riga na ɗora hular, ruwan ƙwai ce mai ratsin fari, saura layi goma sha biyu, kuma har yau bai dawo da amsa ba.