Gini Daga Nesa: Kafin Ka Ba Da Jingar Haƙa Sokawe

Yau maganarmu a kan aikin da ke ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ba ya fitowa a hotunan da ake turo mana ta WhatsApp.

Da yawanmu muna Kumasi, Kwatano, Duwala ko Injamena, amma muna gini a gida ta waya. Ni kaina na ɗanɗana kuɗata. Shekarun baya na ba wani ɗan kwangila jingar cike fili da haƙa sokawe, na tura masa kuɗin gaba ɗaya don in huta. Da damina ta sauka, ruwan unguwa ya dawo tsakar gidana, domin titi ya fi cikon da ya yi tudu. Ruwan rijiya kuma ya fara wari, ashe taku goma ne kacal tsakaninta da ramin. Yarana biyu suka kwanta da gudawa. Kuɗin gyara sai da ya fi na aikin farko.

To, ga abin da na koya.

Da farko, kada ka yarda da farashin wanda bai taka filin ba. Ƙasa kala-kala ce. Rairayi yana shan ruwa amma yana ruftawa, yumɓu kuma yana riƙe ruwa. A haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa, a ga yadda yake tsotsewa. A tambayi maƙwabta zurfin da suke samun ruwa a rijiyoyinsu da damina.

Na biyu, tazara. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Ka tuna da rijiyar maƙwabci ma, haƙƙinsa ne. In filin ya yi ƙanƙanta, a nemi shawarar jami'in duba-gari tun ba a sa diga ba. A kuma zaɓi wurin da motar kwasar bahaya za ta iya isa.

Na uku, ciko. Daɓen gida ya fi titi tudu, tsakar gida ta gangara zuwa kwata. A riƙa zuba burji kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana dannewa. Cikon da aka juye tifa-tifa a lokaci guda, shi ne yake zama daga baya ya tsaga daɓe.

Na huɗu, a rubuta. Tsawo, faɗi da zurfin rami, irin bulo, yawan rodi da siminti, wanda zai kwashe ƙasar da aka haƙo, da yadda za a yi in an ci karo da dutse. Shaidu biyu su sa hannu. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya mataki-mataki: bayan haƙa, bayan gini da filasta, bayan rufi. Tankin da bahaya ke fara shiga, a cika shi da ruwa ya kwana, in ya ragu to yana yoyo. Kankaren rufi kuma a ba shi ruwa na kwana 7.

Sai maganar rai. Rami mai zurfi yana rufta wa lebura, a tokare bangonsa. A kange shi kowace yamma saboda yara. Kada a bar kowa ya shiga tsohon sokawe, iskar ciki tana kisa cikin mintuna.

Alhaji, wakilinka ya zama mai amana kuma mai ido. Ka ce ya kira ka ta bidiyo da tef a hannu kafin a rufe komai. Hajiya, ke ma ki sa baki, ke da yara ne za ku zauna a gidan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.