Uban da Ya Tsaya a Kan Gaskiya

A shekarar 1960 wata mata Ba'amurkiya, wai ita Harper Lee, ta wallafa wani littafi mai suna To Kill a Mockingbird. Ƙagaggen labari ne, amma irin abin da ke cikinsa ya sha faruwa a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, a zamanin da farar fata ke wulakanta baƙar fata.

A cikin labarin akwai wani lauya farar fata ana ce da shi Atticus Finch. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Jem da ƙanwarsa Scout. Ana nan sai aka yi wa wani baƙar fata mai suna Tom Robinson ƙazafi, wai ya ci zarafin wata yarinya farar fata. Alƙali ya ɗora wa Atticus aikin kare shi. Mutanen gari suka yi ta zaginsa, har 'ya'yansa ba su tsira daga gori ba a makaranta.

Wata rana da dare waɗansu mutane suka yi gayya, suka nufi gidan yari don su kashe Tom. Suka tarar da Atticus zaune a bakin ƙofa, ba bindiga, ba sanda, sai jarida a hannunsa. Ya ƙi kaucewa. Ashe 'ya'yansa sun biyo sahunsa. Scout ta gane ɗaya daga cikin mutanen, ta gaishe shi, ta ambaci ɗansa da suke aji ɗaya. Kunya ta kama mutumin, ya janye jama'arsa.

Ranar shari'a Atticus ya nuna wa kowa cewa mai bugu da hagu ne ya doki yarinyar, hannun Tom na hagu kuwa ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya lalata shi. Duk da haka masu yanke hukunci su 12, dukansu farar fata, suka ce Tom ya yi laifi. Daga baya aka harbe shi a gidan yari.

Wani zai ce, to, ina amfanin wahalar? Bai ceci Tom ba, ya kuma jawo wa 'ya'yansa haɗari, gama uban yarinyar ya far musu cikin duhu har ya karya hannun Jem. Lalle wannan gaskiya ne. Amma da Atticus ya yi shiru, da ya koya wa 'ya'yansa cewa gaskiya abar yarwa ce in ta yi nauyi. Yaro ba ya riƙe abin da uba ya faɗa kamar yadda yake riƙe abin da uba ya yi a gabansa.

Wannan magana ta shafi ƙasar Zamfara. Tun wajen 2011 rikici ya ɓata zaman manoma da makiyaya, ya kai har Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, rayuka da yawa suka salwanta. A irin wannan hali, da wuya a rasa mai cewa duk Bafillace ɓarawo ne, ko duk Bahaushe maƙiyi ne. In aka kama baƙo a kasuwa ana shirin dukansa saboda yarensa kawai, uba na ƙwarai shi ne wanda zai fito ya ce a kai shi gaban hukuma a bincika, ko da maƙwabta za su zage shi. Laifi na mai shi ne, ba na kabilarsa ba.

Ɗan irin wannan uba ba zai girma matsoraci ba, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.