Shaidar da ke aljihun mutumin Dagona

Ranar 1 ga Agusta, 2024, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, gwamnatin Yobe ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Potiskum da Gashuwa da Nguru. Biyu daga cikin garuruwan nan su ne kasuwa da asibiti da kotun mutumin Dagona, ƙauyen nan na ƙasar Bade da sunansa ya yi nisa saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna cin hunturu a fadamarsa. Tsuntsayen suna da masu ƙirga su da masu gadinsu, har Yarima Philip na Ingila ya tako a 1989 don ya gan su. Mutanen garin kuwa ba su da irin wannan gata. In jami'i ya tare masunci a hanya ya ce sai ya ba da na goro kafin kwalin bandarsa ya wuce, ko aka kulle yaro kwana biyar ba a kai shi gaban alƙali ba, babu wakilin jarida a kusa, babu ofishin lauya a bakin kasuwa. Abin da ya rage wa talakan irin wannan wuri shi ne wayar da ke aljihunsa, in akwai caji, in akwai data, in sabis ya kawo. Don haka duk wata doka da za a yi a kan kafafen sada zumunta, da duk wata yarjejeniya da gwamnati za ta ƙulla da kamfanonin da suka mallake su, ni da ma'auni ɗaya nake auna ta: shin ta kare wanda ya ɗauki hoton jami'i yana zalunci, ko kuwa ta sauƙaƙa kama shi?

Wanda ke ganin zuzutawa ce, ya tuna 1 ga Nuwamba, 2024. A ranar aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa tun lokacin zanga-zangar. Sun shafe kusan wata uku a hannun 'yan sanda. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce a sanar da danginsa. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Duk suna nan a tsawon watannin nan uku, kuma yaran suna nan a kulle. Abin da ya fito da su shi ne faifan bidiyo na 'yan daƙiƙu: yara ramammu, haƙarƙari a waje, huɗu sun yanke jiki sun faɗi a gaban alƙali, wasu suna wawason biskit. Kotu ta yanka belin naira miliyan 10 a kan kowanne, kuɗin da iyayensu ba su taɓa gani ko a mafarki ba. Amma faifan ya riga ya shiga WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma ranar 4 ga Nuwamba Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Kwana uku kenan tsakanin fitar hoton da fitar umarnin. Gani ya kori ji, kuma abin kunyar shi ne hukumomin da aka kafa domin su ji ba su motsa ba sai da aka nuna wa duniya.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka ma, da 'yan sandan Minneapolis suka fitar da sanarwar farko kan mutuwar George Floyd a Mayun 2020, cewa suka yi rashin lafiya ce ta taso masa, sai bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ya ƙaryata su, har aka ɗaure ɗan sandan da ya kashe shi shekara 22 da rabi. Bambancin shi ne a can akwai jaridun gari da lauyoyi da za su ɗauki hoton su yi gaba da shi. A nan, bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, jihohi da dama sun kafa kwamitocin sauraren koke-koken zaluncin 'yan sanda, amma Yobe na cikin jihohin Arewa da ba su kafa ba, tare da Borno da Jigawa da Kano da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Gwamnonin Arewa a lokacin cewa suka yi rundunar SARS tana da amfani a yankinsu, sannan suka taru a Kaduna suka nemi a yi wa kafafen sada zumunta linzami. An bar jaki ana dukan taiki. Da ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton cewa aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar 2024 a Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, rundunar 'yan sanda ta musanta, ta nemi a janye. To wa zai raba gardamar, in ba hotunan da mutanen unguwa suka ɗauka da wayoyinsu ba?

Wannan shaidar ce doka ta daɗe tana yi wa barazana. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon da ya ɓata wa wani rai, ko ya ci masa mutunci, ko ya jefa shi cikin damuwa. Da irin waɗannan kalmomi masu faɗi, kowane mai mulki da aka soka zai iya cewa ransa ya ɓaci. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi kunnen uwar shegu. A Nuwamban 2022 aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda layi ɗaya da ya rubuta da Hausa a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, bai fito ba sai da aka janye ƙarar bayan ɗalibai sun yi barazanar fita titi. A cikin wannan Nuwamban na 2022 dai wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda barkwancin da suka yi da gwamnan lokacin, Ganduje. A Fabrairun 2024 aka yi wa sashen kwaskwarima, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka shirya don tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Gyara ne mai kyau a takarda. Amma wata uku ba su cika ba aka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas, aka wuce da shi Abuja, ya kwana kusan goma a tsare. An sayar da kare an sayi biri, tsugunne ba ta ƙare ba, domin ainihin hukuncin ba a kotu ake yanke shi ba. Mai ƙarfi ya rubuta takardar ƙorafi, a aiko mota, a yi nesa da mutum daga danginsa, a riƙe wayarsa. Ko daga baya an sallame shi, duk wanda ke Gashuwa ko Nguru ya ji labarin ya riga ya ɗauki darasi, gobe in ya ga abu a shingen bincike zai mayar da wayarsa aljihu.

Masu neman a ƙara ɗaure kafafen nan suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa waya ta zama makamin ƙazafi, ana zubar da mutuncin matan aure da malamai da sarakuna, ana yaɗa hoton ƙarya a kunna wutar ƙabilanci. Gaskiya ne. A rikicin Filato na Yunin 2018, 'yan sandan jihar da kansu sun ce hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen zubar da jini. Addininmu da tarbiyyarmu ba su ɗauki ƙazafi da wasa ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sai dai a duba su wa ake kamawa. Talakar da aka yaɗa hotonta don a tozarta ta ba ta da wanda zai aika mata mota daga Abuja. Motar tana tashi ne in wanda aka taɓa gwamna ne ko matar mai mulki ko babban attajiri. Wanda aka ɓata wa suna yana da hanya: ya shigar da ƙara, a kira wanda ya yi maganar ya kawo hujja a gaban alƙali a garin da aka yi abin, in ya kasa ya biya diyya ya janye kalamansa. Abin da ba ya karɓuwa shi ne ɗan sanda ya zama shi ne mai tantance gaskiya da ƙarya, musamman in maganar a kan ɗan sanda aka yi ta. Ba a ba kura ajiyar nama.

Kada kuma a ɗauka kamfanonin nan waliyyai ne. Kasuwa suka zo ci, kuma mu ƙaramar rumfa ce a kasuwarsu. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya gano cewa mutum huɗu kacal ke aikin tantance labaran ƙarya na cikakken lokaci wa Facebook a duk Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. In haka aka yi wa harshen da miliyoyin mutane ke rubutu da shi kullum, sai a ƙiyasta rabon Badanci ko Barbarci. Na'urar da ba ta jin harshe kuskure biyu take yi: ta bar kiran a kashe wani ya yi ta yawo saboda ba ta gane habaici ba, sannan ta goge hoton gawar da aka ɗora a matsayin shaida saboda ta ga jini. A Oktoban 2020 Instagram ya yi wa saƙonnin EndSARS tambarin labarin ƙarya, daga baya ya ba da haƙuri ya ce kuskuren na'ura ne. Haƙurin ya zo bayan an wuce wurin. Shi kuwa Twitter, da gwamnatin Buhari ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan ya goge wani saƙon shugaban, bai dawo ba sai da ya amince da sharuɗɗa, ciki har da rajista a Najeriya da buɗe wa jami'ai ƙofa ta musamman ta kai ƙorafi kan abin da suke so a cire. Kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce, amma an riga an ƙulla yarjejeniyar, kuma ba a shawarci masu amfani da manhajar ba kafin a ƙulla ta. Da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kamfanin ya kai ga yin barazanar kwashe Facebook da Instagram daga ƙasar. Wannan tarar ina bayanta, domin irin linzamin da ya dace kenan: a tuhumi kamfani kan bayananmu, a tilasta masa ɗaukar masu jin harsunanmu, a sa shi ya riƙa bayyana sau nawa hukuma ta nemi ya goge saƙo ko ya miƙa bayanan wani, kuma kada ya miƙa sai da umarnin kotu. Linzamin da nake tsoro shi ne wanda gwamnati da kamfani za su sasanta a ɗaki, a fito an sayar da mai wayar.

Mutanen Yobe sun san wani abu da na Legas ba su sani ba, wato yadda gari ke zama in an kashe sabis ɗungurungum. A Mayun 2013, da aka ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya na tsawon makonni. An maimaita a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a Satumban 2021, kamfanonin waya kuma suka bi umarni. Hujjar ita ce a toshe wa 'yan ta'adda hanyar magana, kuma wanda ya ga abin da suka yi a Damaturu da Potiskum da Buni Yadi ba zai raina batun tsaro ba. Amma a duhun nan mai naƙuda ba ta iya kiran mota, ƙauyen da aka kai wa hari ba ya iya kiran ɗauki, sannan duk abin da mai bindiga ya aikata, ko na daji ne ko mai kaki, babu mai ɗauka balle ya aika. In har dole ce ta sa, to a sa wa matakin wa'adi, a kai shi gaban alƙali ko majalisa, a kuma gaya wa jama'a sunan wanda ya sa hannu.

Za a ce ɗan sandan ma abin tausayi ne, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, barikinsa na yoyo, abokan aikinsa da yawa sun kwanta dama a jihar nan suna bakin aiki. Haka ne, kuma shi ya sa kyamara ba abokiyar gabarsa ba ce. Jami'in da ya yi aikinsa daidai, hoton nan shi zai wanke shi ranar da aka yi masa sharri. Wanda ke fizge waya ya goge bidiyo ya san abin da ya sa yake gogewa. Kuma ba sai an jira sabuwar doka daga Abuja ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta riga ta ɗora wa majistare ziyartar caji ofis-ofis na yankinsa kowane wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli inda ya dace. Babban Jojin Yobe na da ikon neman rahoton wannan ziyara daga Gashuwa da Nguru, Majalisar Dokoki a Damaturu na da ikon tambaya a bainar jama'a, kwamishinan 'yan sanda kuma na da ikon fitar da sanarwa da Hausa a gidan rediyo cewa ɗaukar hoton jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne. Ranar da aka ba da umarnin sakin yaran nan da aka gurfanar a Abuja, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya ce za a kafa kwamiti ya binciki yadda aka kama su da yadda aka tsare su, a hukunta jami'an da aka samu da laifi. Iyayen yaran suna da haƙƙin a karanta musu abin da kwamitin ya gano, da sunaye da muƙamai, cikin harshen da suke ji.