Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as

A Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, da zarar an kai gero rumbu, aiki ya yi sauƙi, ba a rasa tabarma a gindin dogon yaro bayan la'asar: mutum huɗu, biyu suna fuskantar biyu, karta 32 a tsakiya, shayi bisa gawayi. Akan samu mushen lakwal da ma'aikacin gidan likita a gefe guda, ƴan kasuwa biyu da suka dawo daga Maraɗi a ɗaya gefen. Wasan beloti ke nan, wanda aka gada wajen Faransawa, kuma ko ba a aza ko dala ba, da wuya a tashi ba a yi gardama ba.

"Haba Alhaji, me ya sa tari ba ya kama ka sai as ya shigo hannunka?"

"Allah ya huci zuciyarka Mushe, mun dai saba da juna ne, shekara goma muna wasa tare."

To, a ina sabo ya tsaya, a ina kuma cuta ta soma? Akwai wani wasan karta da ya shafe shekaru kusan ɗari yana fama da wannan tambaya, har ya kafa mata doka a rubuce, kuma amsar da ya samo ta cancanci a saurare ta.

Sunan wasan birij, cikakken sunansa kuwa birij na kwangila. Wani attajiri ɗan Amurka, Harold Vanderbilt, shi ya tsara lissafinsa a shekarar 1925. Ana yin sa da karta 52, kowa 13, saboda haka zubi 13 ake yi. Kafin a jefa ko karta guda sai an yi tayi, kamar yadda ake taya sa a kasuwa: kowa ya faɗi zubi nawa shi da abokinsa za su ci, da kuma irin da zai zama atu, na baya ya ɗara na gaba ko ya ce ya wuce. Tayin "ɗaya" alƙawarin zubi 7 ne, tayin "bakwai" kuwa alƙawarin cinye duka 13. Wanda tayinsa ya tsaya, shi ya ɗauki kwangila. In ya cika a ba shi maki, in ya kasa a ci shi tara. Masu buga beloti mai tayi, wadda ake somawa daga 80, ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Wahalar ita ce, kalmomin da doka ta yarda a furta 38 ne tak: tayi 35, sai "na wuce", sai "na ninka", sai "na sake ninkawa". Alhali kuwa ire-iren hannun da mutum zai iya samu sun haura miliyan dubu 635. Da waɗannan ƴan kalmomi ne ake so mutum ya sanar da abokinsa abin da yake riƙe da shi. Don haka gwanaye suka ɗora wa tayi wata ma'ana ta biyu. An soma da ma'auni: as maki 4, sarki 3, dam 2, bale 1, jimilla 40 a cikin kartar duka. A tsarin da Pierre Jaïs da Michel Lebel suka yaɗa a Faransa cikin shekarun 1970, wanda ya buɗe da ker ko pik yana shaida cewa yana da aƙalla biyar daga irin. A 1933 wani ma'aikacin inshora na birnin Indiyanapolis, Easley Blackwood, ya ƙago wata dabara: tayin "huɗu babu atu" ya zama tambaya, wato "as nawa gare ka?" In abokin ya ce biyar tirefil, ba shi da ko ɗaya ko kuma yana da duka huɗun, biyar karo, guda ɗaya, biyar ker, biyu, biyar pik, uku. A 1945 Sam Stayman ya wallafa wata: idan mutum ya buɗe da "ɗaya babu atu", abokinsa ya ce "biyu tirefil", ba tirefil yake nufi ba, tambaya yake yi ko akwai ker huɗu ko pik huɗu a hannu.

Mai karatu zai ce, ashe su ma zaurance suke yi, mene ne bambancinsu da mai tari? Bambancin guda ɗaya ne, amma shi ne ginshiƙin wasan duka. Doka ta 40 a kundin Hukumar Birij ta Duniya, wadda aka kafa a 1958, ta wajabta cewa duk wata yarjejeniya tsakanin abokai biyu sai abokan hamayya sun san da ita. Kafin gasa kowane biyu suna cika takarda, su rubuta ma'anar tayinsu, su aje ta inda kowa zai gani. In mutum ya yi tayi mai ma'ana ta musamman, ana jawo hankalin abokan hamayya nan take, su kuma suna da haƙƙin tambaya, a amsa musu dalla-dalla. Dokar ba ta tsaya ga abin da aka rubuta ba: har fahimtar da ta samu ta hanyar daɗewa tare, ita ma yarjejeniya ce, dole a bayyana ta. Ke nan hujjar "mun saba da juna" ba ta wanke kowa. An yarda mutum ya yi tayin yaudara, ya nuna ƙarfin da ba shi da shi, da sharaɗin abokinsa yana cikin duhu daidai da sauran. Amma shirya wata alama a ɓoye, ta ido ko ta yatsa ko ta murya, shi kundin ya ɗauka laifi mafi girma.

Ba a kai ga wannan tsanani don nishaɗi ba. A gasar duniya ta 1965 a birnin Buwenos Aires, an zargi gwanayen Ingila biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna yawan ker ɗin hannunsu ta yadda suke shimfiɗa yatsu a bayan karta. Hukumar duniya ta same su da laifi, wani binciken da aka yi a Ingila kuma ya wanke su, gardamar ta bi su har ƙarshen rayuwarsu. A 1975 a tsibirin Bamuda aka soma raba teburi da allo, don kada abokai su ga fuskar juna. Sai ga shi a wannan gasar an kai ƙarar wasu ƴan Italiya biyu cewa ɗaya yana taka ƙafar ɗaya, dole aka sa katako har a ƙarƙashin teburin. A 2015 wani ɗan Norwe, Boye Brogeland, ya fito fili ya zargi tsofaffin abokan wasansa biyu, Lotan Fisher da Ron Schwartz, kuma shi da sauran ƴan ƙungiyarsa suka ce sun yafe kofunan da suka ci tare da su. Jama'a suka duƙufa kan hotunan bidiyo na gasanni, kuma a 2016 ƙungiyar birij ta Amurka ta kori mutanen biyu. Abin lura a nan shi ne, wanda ya tona asirin yana cikin waɗanda suka ci moriyar nasarar, amma ya gwammace hannu wofi da kofin da ake shakka a kansa.

Beloti ma ba ta rasa wannan tushe ba. Mai riƙe da sarki da dam na atu ba ya samun makinsa 20 sai ya buɗe baki ya ce "beloti", ya kuma ce "rebeloti", kowa yana ji. Abin da ya rage ga ƴan fadar Sarkin Yamma shi ne su ƙarasa aikin. In biyu sun shirya cewa tayin 80 yana nufin bale na hannu, ko kuma yar da ƙaramar karta yana nufin "biyo ni ta nan", su faɗa kafin a raba karta. Ba za su yi asarar kome ba, domin gwaninta tana wajen lissafi da tuna abin da ya faɗi. Alamar da ba za a iya faɗinta a gaban mutum huɗu ba, ita ce cutar.

Da tabarma kaɗai abin ya shafa, da sai a yi dariya a sha shayi. To amma kalmar kwangila ba a teburin birij kawai take ba. Idan ƙaramar hukuma ta yi shelar ginin aji uku ko haƙa rijiya, ƴan kasuwa suka kawo tayinsu cikin ambulan a rufe, wannan ma wasa ne mai doka. Ba laifi ba ne mutum biyu su haɗa jari su nemi aiki tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai su rubuta, su sa hannu, su shigo da suna guda. Laifin shi ne ambulan uku da sunaye uku alhali aljihu ɗaya ne, ko kuwa ma'aikacin da tari ke kamawa daidai kan adadin kuɗin da aka ware. A teburin karta wanda aka cuta yana zaune, yana iya ɗaga murya. A nan kuwa wanda aka cuta yaro ne da zai yi karatu cikin runfar kara wata shekarar kuma, da matar da za ta ci gaba da jan guga a tsohuwar rijiya.

Ma'aunin bai da wuya, ɗan kasuwa da ma'aikaci duk suna iya gwada kansu da shi tun kafin wani ya gwada su: abin da aka ƙulla da aboki, za a iya maimaita shi da babbar murya a gaban abokin hamayya? Wanda ya amsa da i, ya raba karta hankali kwance. Wanda kuwa gabansa ya faɗi, Hausawa sun riga sun gama magana a kansa: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.