DAGA GIDAN KALLO: Wai me ke cikin ƙwayar nan?

A wani gidan kallo a Gwiwa wani ƙanena mai son zama ɗan rawa ya nuna min katin ƙwaya, ya ce, "Yaya, tiramol ce, tana hana gajiya." Na duba, Tafrodol aka rubuta. Wallahi ba tiramol ba ce! Binciken BBC na Fabrairun 2025 ya gano ana haɗa ta a Indiya da tapentadol da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta yarda da shi. Yana danne numfashi, yana kawo farfaɗiya. Indiya ma ta haramta shi daga baya. To wadda aka ɓare daga kati ake sayarwa ɗai-ɗai fa? Mai sayarwar kansa bai san me ke ciki ba.